Ranar da na kai kare asibiti a Ingila

Yaya, ka ce in ba ka labarin Manchesta. To ga wanda ya tsaya mini a rai.

Tsohuwar da nake kula da ita tana da kare. Ya haɗiye safa, ya kwana yana amai, ta roƙe ni in kai shi asibitin dabbobi. Ni ɗan Argungu, riƙe da igiyar kare a cikin tasi! Muna isa, matar da ke kan tebur ta tambaye ni ranar haihuwarsa. Dariya ta kuɓuce mini. Irin kallon da ta yi mini, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage. Ni da Inna ke lissafa tawa haihuwar da shekarar da gulbi ya ci gonaki.

Aka goga masa wata na'ura a wuya, lamba ta fito, kwamfuta ta kawo sunansa da gidansu. Tun 2016 doka ta ce kowane kare sai an sa masa wata 'yar aba kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata. Kafin la'asar an ɗauki hoton cikinsa, an yi masa aiki, alhali ni makonni na yi ina neman ganin likitan haƙori. Kuɗin ya fi albashina na wata. NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin nan, ta mutane ce, dabba kuwa aljihunka. Inshora ce ta biya, ban da ɗan kason da aka yanka wa mai kare tun farko.

Yanzu tana wasiwasi, don kuɗin wata-wata hawa yake yi yadda karen ke tsufa. Wai ko ta daina, ta riƙa tarawa da kanta? In ta sauya kamfani, yawancinsu ba za su ɗauki ciwon da ya taɓa yi ba. Na ce ta ci gaba da biya, asusu ba zai cika ba kafin ya haɗiye safa ta biyu.

Na tuna Duna, karen farautar Kawu, da aka shafa wa baƙin mai a rauni. Ya warke kuwa. Amma allurar haukan kare ma ba ma yi, sai ya ciji yaro a kama hanyar Birnin Kebbi a guje.

Kuɗin da na turo, ka yi wa Inna rajistar KECHEMA, inshorar lafiya ta Jihar Kebbi, ko har yanzu sai ta kwanta a fara karo-karo? Turo mini hoton katin. In akwai mai tahowa, a ba shi busasshen kifi.