Hattara da mai tallan ƙwallon tausa a Facebook, ya ci min naira 63,500

Jama'a assalamu alaikum. Tun jiya nake rubuta wannan abu ina gogewa, amma wallahi zuciyata ta ƙi sanyi, gara in faɗa kowa ya ji. Naira 63,500. Dubu sittin da uku da ɗari biyar, kuɗin da na haɗa da ɗinkin sallah, ina kan keke tun asuba har bayan isha'i, wani mutum ya zauna a bayan waya ya kwashe su da "Hajiya" da "insha Allahu".

Kuma kafin wani ya zo ya ce min me ya kai ki, ku tsaya ku ji. Ni ba haka kawai na ga talla na tura kuɗi ba. Likitar gashin ƙashi ce a asibiti ta fara ce min in nemi ƙwallon tausa, saboda ciwon da nake fama da shi tsakanin kafaɗuna da kuma dunduniyata ta dama, wadda in na tashi da safe takun farko kamar na taka ƙusa. Ta yi min bayani tiryan-tiryan, ta ce kin san farin tantanin nan da kike gani a jikin nama in kina gyarawa, to mu ma haka yake lulluɓe da tsokarmu, in mutum ya daɗe a zaune wuri ɗaya ko yana maimaita motsi ɗaya kamar taka keken ɗinki sai wurin ya ɗaure ya riƙa ciwo. Ta ce a sa ƙwallon tsakanin baya da bango a jingina a hankali, in an samu wurin da ke ciwo a tsaya kamar daƙiƙa 30 zuwa minti 1 ana numfashi, na ƙafa kuma a zauna a kujera a riƙa murzawa a tafin ƙafa. Kenan na san abin da nake nema. Na sani sarai.

Shi kuwa wannan bawan Allah, duk maganar da likitar ta faɗa min sai da ya faɗa. Wannan ne abin da yake ta dawo min a rai. Na tura masa saƙo ta WhatsApp na ce Malam ina tambaya kan ƙwallon nan, ko minti biyar ba a yi ba ya turo saƙon murya, muryar dattijo mai natsuwa, ya ce "Hajiya sannu, Allah ya ba ki lafiya, ciwon na safe ne ko, in kin sauko daga gado?" Ta yaya ya sani? Na zauna a bakin gado na saurari saƙon nan na sake saurara. Ya ce min kar ki ɗora shi a kan ƙashin baya kai tsaye, gefe da gefe ake bi, shi ya sa a cikin set ɗin akwai mai kai biyu haɗe. Daidai da abin da aka faɗa min a asibiti. Ku gaya min wace ce za ta ji wannan ta ce ɓarawo ne? Har cewa ya yi in ba ni da hali in bari sai wata mai zuwa, ba ya son ya takura min.

Set ɗaya 27,500. Ya ce guda huɗu ne a ciki, mai tauri ta roba zalla, mai ƙayoyi, mai kai biyu, da wata mai caji da take girgiza tana ɗumi, wai daga Jamus, wai da takardar NAFDAC a cikin kwalin. Na ce biyu nake so, ɗaya nawa ɗaya na Umma. Ya ce 55,000 ne amma saboda uwa ce ya bar min a 52,000. Saboda uwa ce. Na tura 52,000, ya ce alat ya shigo Allah ya sa albarka. Sai 4,500 kuɗin mota, na tura. Au, kafin nan ma, na manta, sai da na ce ya yi min bidiyo, ya kuma yi, ya riƙe ƙwallon a hannunsa tana girgiza, ya ambaci sunana a ciki. Na duba shafinsa, mata rututu suna godiya suna sa hotuna. Na tambayi me ya sa sunan akawun ɗin na mace ne, ya ce na matarsa ne, nasa yana da matsala. Duk binciken da ake cewa a yi na yi shi.

Daga baya ne, ko kuma dai ranar da ya ce kayan sun taso, ya kira ni da kansa wai an tare motar a hanya sai an biya 7,000 kafin a saki kaya, kowa da ke da kaya a ciki yana bayarwa. Na riga na zuba 56,500, in bar su saboda 7,000? Na tura. Shi ke nan 63,500.

Kayan sun zo fa, kar ku ce ba su zo ba. Ƙanina ya karɓo a tasha, kwali an naɗe shi da salatif kamar abin kirki. Na buɗe a gaban Umma, wannan ne ya fi ƙona min rai, a gabanta. Mai ƙayoyin roba ce fanko, ina matsawa da yatsa biyu ta lotse ta yi ƙara, irin ta wasan yara. Mai taurin da ya ce roba zalla ce, leda ce mara nauyi da layin haɗi a tsakiya mai kaifi, na taka ta sau ɗaya ta rabe biyu. Ita ta gaskiyar, wadda ake wasan lakros da ita a Amurka da Kanada, faɗinta bai fi santimita 6 da 'yan kai ba kuma tana da nauyi a hannu, kusan giram 145, na riƙe ta a asibiti na san yadda take. Mai kai biyu babu ita sam. Mai cajin kuwa ramin caja ne kawai a jiki, ƙanina ya ɓalle ta da sukuddireba, ciki wayam, ba batir ba waya ba komai. Takardar NAFDAC babu ko ƙyallinta. Set ɗaya ma aka saka, ni da na biya biyu.

Na kira, ya ɗauka, ya ce subhanallahi yaran shago ne suka yi kuskure, Hajiya ki yi haƙuri gobe za a canza. Goben nan har yau. Yanzu in na tura saƙo layi ɗaya ne yake nunawa, hotonsa ya ɓace, a Facebook ma ya yi min bulok, amma ƙawata ta duba da wayarta tallan yana nan yana yawo, ya canza suna kawai.

Kuɗin suna min ciwo, 63,500 ba wasa ba ne a wannan zamani, amma akwai abin da ya fi kuɗin. Umma tana da ciwon suga, ƙafafunta ba ta jin su sosai, kuma na faɗa masa haka da bakina. Ya ce ai ita ma mai ƙayoyin domin irinsu aka yi ta, ta riƙa takawa da ƙarfi safe da yamma jijiyoyin za su farfaɗo. Da na koma asibiti na ba likitar labari sai da ta ajiye biro. Ta ce mai suga da ƙafarsa ta yi dundum ba a sa masa abu mai tauri ko mai tsini a tafin ƙafa, zai iya jin rauni bai sani ba, kuma raunin ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa. Da wannan ledar mai kaifi ta tsaga mata ƙafa fa? Mutumin da ya ce min saboda uwa ce.

Na je banki na cike fom, sun ce za su bi, ina jira. Sikirinshot na hirarmu, rasit guda uku, 52,000 da 4,500 da 7,000, bidiyon da ya yi min da hoton tarkacen da ya aiko, duk suna wayata, zan sa su da daddare in na rufe abin da ya kamata a rufe.

Ku kuma, kar ku tura kuɗi kafin kaya. Ku je shagon kayan wasanni a Sabon Gari ku matsa da hannunku, ƙwallon tanis ma ta isa a fara da ita, ita nake amfani da ita yanzu. Ban da kan ƙashi, ban da wuya ta gaba, ban da wurin da ya kumbura. Duk wadda mutumin nan ya taɓa yi wa haka ta neme ni, banki sun ce in masu ƙorafin suna da yawa a kan akawun ɗaya abin ya fi tafiya da sauri.