A tumɓuke dandamalin mai ko a bar wa kifaye?

Idan wa'adin hayar wurin haƙar mai a teku ya ƙare, dokar Amurka ta ba kamfani shekara ɗaya ya kwashe dandamalinsa, wato ginin ƙarfen da ake haƙar mai a kansa, a datse ginshiƙansa a zurfin ƙafa 15 ƙarƙashin ƙasan teku. Aikin na lashe kuɗi, kuma nakiyar da ake datsewa da ita kan kashe kifaye.

Jihar Luwiziyana ta kawo wata dabara a 1986: a toshe rijiyar, a cire saman, a kifar da ƙarafan su zama gidan kifi, kamfani ya ba jiha rabin abin da ya tsimi. Masu kamun ƙugiya sun ji daɗi. Masu jan raga kuwa, ƙarfen na yaga musu ita. A ganina kamfanonin ne suka fi cin riba.

Ƙasashen Tekun Arewa a Turai kuwa sun haramta jibge dandamali a ruwa tun 1998, bayan rigimar kamfanin Shell da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace kan Brent Spar, wani rumbun ajiyar mai a teku da Shell ya so ya nutsar.