Zaɓen Irin Tumatir Mai Jure Cutar Bairos: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Da zarar bairos ya shiga jikin tumatir babu maganin da zai fitar da shi, saboda haka kariya tana farawa ne tun daga irin da manomi zai saya. Shuka tana da makaminta na halitta: idan ta gano RNA (sinadarin da ke ɗauke da saƙon halitta) mai igiya biyu na bairos, sai ta daddatsa shi, ta yi amfani da guntayen wajen toshe aikin ƙwayoyin halittar cutar. A kan wannan dabara aka gina wasu daga cikin abubuwan da ake tallatawa a yau.

Zaɓi mafi samuwa shi ne irin da aka samar ta hanyar barbara da tumatirin daji. Ƙwayar halittar Ty-1, wadda ke ƙarfafa wannan toshewa, tana rage ɓarnar cutar nannaɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa, Sw-5 kuwa tana kare shuka daga bairos ɗin da ƙwarin tirips ke ɗaukowa. A duba jikin fakiti da kyau, domin HR na nufin juriya mai ƙarfi, IR kuma matsakaiciya, kuma ko wacce daga cikinsu ba ta hana cuta kwata-kwata. Bairos ɗin ToBRFV mai sa wa 'ya'yan tumatir tabo da yamutsewa, wanda ya ɓulla a Isra'ila da Jodan a 2014 da 2015, ya karya kariyar ƙwayar halittar Tm-2² da aka daɗe ana dogaro da ita, don haka dole a nemi sunansa musamman a jikin fakitin.

Akwai kuma irin da aka dasa wa guntun ƙwayar halittar bairos a ɗakin bincike. Dabarar ta ceci gwandar Hawai daga 1998, amma a tumatir galibi tana matakin gwaji, kuma sai hukumar ƙasa ta amince kafin a shuka.

Wani zaɓin kuma shi ne fesa wa shuka RNA mai igiya biyu, wanda ba ya canza halittar shuka, sai dai rana da ruwan sama suna lalata shi da wuri. Wanda Amurka ta amince da shi a 2023, Calantha, na ƙwaron dankali ne, ba na bairos ɗin tumatir ba.

A ganina, manomi ya fara kai ganyen da ya kamu wurin masana su tantance cutar, sannan ya sayi irin barbara mai ɗauke da kariya fiye da ɗaya daga amintaccen dillali, ya kuma ci gaba da rufe gadon reno da raga domin hana farin ƙuda shiga.