Mashayin jinin Turawa ko mayen gida?

Na sayi wani tsohon littafin Turanci a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, na karance shi cikin dare uku a ɗakina na unguwar Aboabo. Labarin wata gawa ce mai tashi daga kabari tana shan jini, an ɗora shi kan yaƙin 1462, lokacin da Vlad, mai mulkin Walakiya (cikin Romaniya ta yau), ya kara da Sultan Muhammadu na Biyu na Daular Usmaniyya, shi Vlad yana tsire mutane a kan itace. Tarihin ya kama ni ƙwarai. Amma dodon? Ko gezau. Yana da haƙora, yana gudun rana da tafarnuwa, daga nesa ka gane shi.

Mayen da Kaka take ba mu labari a tsakar gida ba shi da alama. Maƙwabci ne, kuna cin tuwo kwano ɗaya, ƙanƙarar maita na cikinsa. Kurwa yake kamawa, yaro ya yi ta ramewa yana kiran sunansa cikin zazzaɓi, sai an tilasta shi ya tsallake yaron. Wannan ne ya hana ni barci ina ƙarami, domin ba ka san ƙofar da za ka rufe ba.

Ina marubucin da zai saka maye cikin ayarin fataken goro na Salaga a arewacin Ghana, kafin yaƙin basasar garin na 1892?