Kuben bindiga na fata daga rumfar wani baduku a Yamai: abin da na gani bayan wata tara

Aikina ya wajabta mini ɗaukar ƙaramar bindiga bisa izinin hukuma, kuma wadda ke hannuna samfurin Glock 17 ce, ƙirar ƙasar Ostiriya. Na daɗe ina amfani da wani kuben yadi mai arha da ba ni so, saboda haka bara na je wurin wani dattijon baduku ɗan Tahoua mai rumfa a Yamai, na ba shi aikin kube na fata. Mutumin ya saba da kuben takobi da na wuƙa, da jakunkuna da takalma, kuma duk wanda ya ga ɗinkinsa zai san hannu ne da ya shekara talatin yana riƙe da basilla.

Kafin in yi maganar aikinsa, dole in bayyana halin wannan bindiga, domin a kansa duk hukuncina ya rataya. Glock ba ta da maɓallin kulle a waje wanda mutum zai ɗaga ko ya sauke da babban yatsa. Kariyarta guda uku ce, dukkansu suna aiki da kansu, kuma suna sakin jiki ɗaya bayan ɗaya ne a lokacin da ake jan kunama. Wannan tsari yana hana ta tashi idan ta faɗi ƙasa, amma bai san bambanci tsakanin yatsan mutum da bakin riga ba. Duk abin da ya shiga cikin zoben da ya kewaye kunamar, ya danna ɗan harshen da ke tsakiyarta da nauyin da ya kai kusan kilo biyu da rabi, to harsashi zai fita. Ke nan kube shi ne murfin kunama na ƙarshe, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne lokacin mayar da bindiga cikinsa, sa'ad da bakinta ke kallon cinya ko ƙugu, ana kuma tura ta da ƙarfin da ya ninka kilo biyu da rabi.

Kube na farko da ya yi mini, da jar fatar akuya ya yi shi, irin ta Maraɗi mai laushi da ɗaukar ido, ya ƙawata bakinsa da geza kamar yadda ake yi wa kuben takobi. Na biya jika 12, ya gama cikin kwana biyar. Geza dai tun a rumfar na ce a yanke, domin zare-zaren fata da ke lilo kusa da kunama ba ado ba ne a wannan wuri. Sauran laifin bai bayyana ba sai da zafin Afrilu da Mayu ya shigo. Gumi da ɗan man da ke jikin bindigar suka ratsa fatar, zama a kan moto ya yi ta lanƙwasa ta a wuri guda, har bakin kuben ya fara rufewa da zarar an zare bindiga. Wata safiya, ina duba shi a gida da bindiga babu harsashi, sai na ga gefen fatar ya naɗe ciki, ya yi wani ɗan harshe daidai inda kunama ke wucewa. Na tura bindigar a hankali, na ga wannan harshe ya taɓa kunamar ya fara matsa ta baya. Ban sake ɗaura shi ba daga ranar.

Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi da yabo shi ne yadda ya karɓi maganar. Na kai masa kuben na ce, "Baba, aikinka ya yi kyau, amma fatar ta yi wa wannan ƙarfe laushi." Ya juya shi a hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wuƙa ba ta da kunama, ni kuwa da idon mai wuƙa na ɗinka shi." Bai yi gardama ba, bai kuma nemi in bar masa bindigar ba, abin da da ma ba zan yarda da shi ba. Gwaji ya ɗauka da zare da takarda a gabana, ya sa wani masassaƙi ya fito masa da siffarta ta itace, a kanta ya matse jiƙaƙƙen ƙirgi mai kauri har ya bushe ya ɗauki kamanninta.

Kube na biyu ya sha bamban. Ƙirgin ya rufe zoben kunama ta gefe biyu ba tare da wata kafa ba, an ninka bakinsa da ƙarin fata an ɗinke layi biyu, don haka yana tsaye a buɗe ko babu bindiga a ciki, kuma ana mayar da ita da hannu ɗaya ba sai ɗayan hannun ya je buɗe baki ya gitta gaban bututu ba. Madaukinsa ya kama ɗamara daram. Na gwada shi kamar yadda nake gwada kowane kube: na cire gidan harsashi, na ja saman bindigar baya na duba da ido da yatsa cewa babu saura a ciki, na sa bindigar, na matsa fatar da ƙarfi daga waje ko kunama za ta motsa, sannan na kifa shi a kan katifa na girgiza. Kunama ba ta motsa ba, bindiga ba ta faɗo ba. Ya ƙara jika 8 kacal.

Yana da nasa naƙasu. Ya fi na farko nauyi da kauri, yana fitowa ƙarƙashin riga marar yalwa, kuma makonni biyun farko zare bindiga sai da ƙarfi. Ba shi da makulli irin na kuben kamfanin Safariland da ake saki da babban yatsa, saboda haka ban ba da shawararsa ga mai aiki cikin cunkoso da bindiga a fili ba, inda wani zai iya kai hannu. Idan kuma aka gwada shi da kuben Kydex, wato roba mai tauri da ake gasawa a matse ta a kan siffar bindiga, robar ta fi shi riƙe kamanninta kuma ba ta shan gumi, sai dai ita ma tana iya karkacewa idan aka bar ta cikin rufaffiyar mota a zafin ranar Yamai, ƙurar hunturu da ta shige ta kuma tana goge jikin bindiga kamar yashi.

Akwai abin da ƙirgi komai kaurinsa bai magance ba, wato suturarmu. Bakin doguwar riga da zariyar wando suna sauka daidai bakin kube, don haka nakan janye su da hannun hagu zuwa ƙirji, in duba cikin kuben da ido, yatsana a miƙe a wajen zobe, sannan in mayar a hankali. Dattijon ya gargaɗe ni kada in shafa masa man shanu ko man kaɗe don ya yi sheƙi, domin mai shi ne zai sassauta shi ya koma halin na farko. Busasshen ƙyalle nake goge shi da shi, ina shanya shi a inuwa idan ya sha gumi, kuma farkon kowane wata ina maimaita gwajin katifa. Wata tara ke nan bakinsa bai rusuna ba, ɗinki ɗaya ne ya kwance a madauki, shi ma ya gyara mini ina zaune kafin shayi ya tafasa.