Jamesia da Fendlera: ta ina ake raba su?

'Yar uwa, kin ce kin ga hotunan Jamesia da Fendlera, duk gajerun itatuwa masu fararen furanni a jikin dutse, har kika ɗauka abu ɗaya ne mai suna biyu. Kamar da kika gani gaskiya ce. Dangi ɗaya suka fito, dangin wata shukar furanni da ake kira Hydrangea, kuma dukansu 'yan yammacin Amurka ne. Amma jinsinsu daban.

Ki fara da ganye, a ganina shi ne shaidar da ba ta yaudara. Ganyen Jamesia yana da faɗi, gefensa da ƙananan haƙora, jijiyoyinsa a fili, bayansa kuma da gashi mai laushi fari-fari. Idan sanyi ya gabato sai ya rikiɗe ya yi ja kafin ya zube. Na Fendlera ƙarami ne, siriri, mai kauri, gefensa sumul.

Da yawa suna cewa a ƙirga kunnuwan furen: biyar Jamesia, huɗu Fendlera. Wannan ƙa'ida tana da giɓi. Jamesia iri 2 ne kacal a duniya. Jamesia americana ce mai biyar, ƙanwarta Jamesia tetrapetala, wadda ake samu a duwatsun Nevada da Utah, huɗu gare ta. Gara ki dubi siffar. Kowane kunnen furen Fendlera yana tsukewa a gindi kamar mariƙin ludayi, har a ga sarari tsakaninsa da na kusa da shi. Furannin Jamesia ƙanana ne, suna fitowa a dunƙule a ƙarshen reshe, da sheƙi kamar an shafa musu kakin zuma.

Mazauninsu ma ya bambanta. Jamesia ta fi son tsaunuka masu sanyi, irin tsaunukan Rocky, inda take kafewa a tsagar dutse mai ɗan danshi. Fendlera rupicola kuwa, ɗaya daga cikin irin Fendlera, tana rayuwa a busassun gangare da kwazazzabai na New Mexico, Arizona da Texas har arewacin Meziko. Wajen jure fari da zafin rana, ita ce a gaba.

Dukansu sunan mutane suka ci. Jamesia ta samo nata daga Edwin James, likita masanin tsirrai da ya bi ayarin binciken Stephen Long, wani hafsan sojan Amurka, zuwa tsaunukan Rocky a 1820. Fendlera kuma daga Augustus Fendler, Bajamushen da ya tattara tsirrai a kewayen garin Santa Fe na New Mexico a 1846 da 1847.