Antibirus uku a laftof ɗaya, da yaron da ya gyara min ita a Garwa

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in rubuta wannan tun ranar da na karɓo laftof ɗina daga wajen gyara, saboda na san ba ni kaɗai ba ne a Garwa ta Kamaru, kusan duk gidan da ka shiga akwai kwamfuta za ka tarar an cusa mata antibirus biyu ko uku wai don tsaro ya ƙaru.

Tawa HP ce ta hannu, Core i3, ram giga 4, Windows 10, na saye ta bara don aikin makaranta da kuma yara. Wanda ya sayar min ya ce Malam na saka maka kariya har uku kyauta, Avast da AVG da Smadav, babu birus ɗin da zai kusance ka. Ni kuwa har godiya na yi masa na ƙara masa kuɗin shayi, don a tunanina kamar ƙofa ce, kwaɗo uku ya fi ɗaya. Toh wata biyu ba a yi ba abu ya fara lalacewa, ka kunna ta da safe ka je ka yi alwala ka yi salla ka dawo har yanzu tana juyi ba ta gama buɗewa ba, ka danna Word sai ta tsaya cak kamar ta suma, fankar ciki kuma tana ihu ba dare ba rana, ga zafin Garwa na watan Afrilu, ƙasanta ya yi zafi har ba ka iya ɗora ta a cinya. Batirin da yake kai ni awa biyu ya koma minti 40, kuma kun san yadda ake ɗauke wuta a lokacin zafi, kana tsakiyar buga jarrabawar ɗalibai sai ta mutu.

Abin da ya sa na tashi tsaye shi ne ranar da 'yata ta dawo daga sakatariyar da take zuwa buga takardu da kile ɗinta, wato filashin USB, ta sa a laftof, duk fayil ɗinta sun koma rakursi, ƙananan alamomi masu kibiya, rahoton da ta yi sati uku tana rubutawa babu shi. Yarinya ta zauna a tabarma tana kuka, uwarta tana kallona kamar ni na ɓatar. Na ce yanzu ina amfanin masu gadi ukun nan?

Wani abokin aikina ne ya kwatanta min shagon, yana gefen babbar kasuwa, ɗan ƙaramin ɗaki ne da ba shi da ko allon suna, na hau kilando, wato babur ɗin haya, daga unguwar Yelwa na je. Yaro ne matashi, bai fi shekara 25 ba. Mun gaisa ya ba ni benci, ya kunna ta, bai ce komai ba sai da ya buɗe wannan tagar da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, ya juyo min ekran ya ce Baba duba nan. Disk yana kan 100% alhali ba mu buɗe komai ba, kuma manyan masu ci a saman layi su ne biyu daga cikin antibirus ɗin nan, Avast da AVG. Ya ce min Baba ka ɗauka ka sa masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, duk wanda zai shiga sai wannan ya caje shi wancan ma ya caje shi, kuma a lokaci ɗaya, suna jan rigarsa, in wannan ya kama ɓarawo ya kulle a ɗakinsa sai wancan ya ga ɗakin ya ce ai ga kayan sata nan shi ma ya zo zai ƙwace. Haka suke yi da kowane fayil da ka taɓa, shi ya sa disk ba ya hutawa. Wallahi bayanin nan ya shige ni fiye da duk wani dogon turanci ko faransanci.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuma, ya ce Avast da AVG ai gida ɗaya ne, Avast ya sayi AVG tun 2016, injin binciken da ke cikinsu iri ɗaya ne, wato abin da ɗaya bai gani ba ɗayan ma da wuya ya gani. Nauyi biyu na ɗauka, ido ɗaya na samu. Kuma ya nuna min ranar da aka yi musu sabuntawa ta ƙarshe, tun watan da na sayi laftof ɗin, saboda ni ba na barin ta a kan intanet, ina tsoron su shanye min forfe, wato datar da nake saya. In faɗi gaskiya laifin ba na kamfanonin ba ne, kowannensu an yi shi ne don ya zauna shi kaɗai, laifin na wanda ya haɗa su ne da kuma ni da na hana su sabuntawa.

Ga abin da ya yi. Bai yi formatin ba, wannan kaɗai ya sa na yarda da shi, don wasu da ka kai musu kwamfuta ko tari take yi sai su goge komai su sake Windows su karɓi kuɗi, hotunan suna da na biki duk su tafi. Shi ya cire biyun ɗaya bayan ɗaya, kuma da manhajar cirewa ta kamfanin kansa, ya ce in ka cire ta hanyar da aka saba wani lokaci saura yana maƙalewa a ciki. Yana sake kunnawa sai ga Defender na Windows ya farka da kansa. Ashe tun farko akwai shi a ciki, kyauta, yana zuwa tare da Windows 10 da 11, in ka saka wani ne yake ja gefe ya ba shi wuri. Ya haɗa da wifi ɗin shagonsa ya sabunta shi, ya sa ya binciki komai, aka fito da abubuwa guda shida, yawancinsu daga wasannin da yara suka kwafo.

A kan Smadav mun ɗan yi gardama. Na ce a bar min shi, kowa a garin nan da shi yake wanke kile. Ya ce babu laifi Baba, shi wannan daga Indonesiya yake, dama an yi shi ne a matsayin ƙari, mara nauyi ne kuma ya fi ƙarfi a wajen kile, amma kada in ɗauke shi babban mai gadi. Ya ƙara min Malwarebytes na kyauta, ya kashe gwajin kwanakin da yake zuwa da shi don kada ya tsaya gadi shi ma, ya ce wannan kamar likita ne, sai ka ji alamar ciwo ka kira shi ya duba ya tafi.

Kile ɗin 'yata kuwa, ya ce ba a goge komai ba ɓoyewa aka yi. Ya buɗe wata baƙar taga ya rubuta layi ɗaya, sai ga fayil suna fitowa ɗaya bayan ɗaya har da rahoton. A nan take na kira ta a waya, ina jin ihunta har mai shagon kusa ya leƙo.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba, don kada a ce yabo kawai na zo yi. Ya ce in dawo gobe da azahar, na dawo na tarar da shago a rufe, na kira sau huɗu bai ɗaga ba, sai washegari na same shi ya ce ya je Pitoa wani aiki. Kuɗin kilando biyu ya tafi a banza. Ba ya ba da rasit, kuma laftof ɗin mutane a jibge suke kan tebur ɗaya babu suna a jiki, na tsaya sai da ya manna min takarda a tawa. Sannan ya matsa min sosai a kan in sayi SSD, wani disk mai sauri, a wajensa, na san gaskiya ne zai ƙara mata gudu amma sau ɗaya ya isa a faɗa wa mutum.

Ya kuma gaya min wata magana da ta tsaya min a rai, cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tawa ta tsufa da ɗaukar Windows 11, don haka in yi hankali da abin da nake saukewa, in fara tara kuɗin wata a hankali.

Jaka biyar ya karɓa, dubu 5 na sefa, na tura masa ta Orange Money. Yau wata ɗaya da sati biyu kenan, tana buɗewa kafin shayi ya huce, fanka ta yi shiru, batir ya dawo kusan awa ɗaya da rabi. Duk ranar Juma'a da dare ina sa ƙaramin forfe in bar Defender ya sabunta, kuma na kafa doka a gida, duk kile ɗin da ya je sakatariya ko sibar (shagon intanet) sai an bincike shi kafin a buɗe. Shagon ina ba shi huɗu cikin biyar, wanda zai je ya kira shi tukun ya tabbatar yana nan kafin ya hau kilando.